Cikon Ajin Falsafa

"Ki yi haƙuri, saura mutum ɗaya," in ji malamar falsafa. "Idan adadin bai cika yau ba, ba za a buɗe ajin ba."

Na waiga na sake ƙirga 'yan ajin, saura ɗaya ɗin dai...

Kwas ɗaya na faɗi a zangona na ƙarshe, na falsafa. Ɗaya tak! Shi kuma a zango na biyu kawai ake koyar da shi, wato sai baɗi. Abba ya ce ba maganar aure sai na gama karatu. Mahaifiyar saurayina Injiniya kuwa ta ce ɗanta ba zai jira shekara ba, ga 'yar ƙanwarta da suke kira Gimbiya, sai ya aure ta. Abin da ya rage mini shi ne gajeren zangon da ake yi cikin dogon hutu, inda ake ɗura wa mutum karatun zango guda a 'yan makonni.

Abin haushin, Gimbiyar ma ta faɗi kwas ɗin. Na same ta a bakin ƙofa tana danna waya.

"Don Allah ki yi rajista, ke ma ki huta."

"Ni ba na sauri," ta faɗa tana murmushi. "Ai ni ba a ce sai na gama zan yi aure ba."

Na koma cikin aji, na kifa kai a kan tebur ina kuka.

Sai ji na yi an banko ƙofa.

"Malama, nan ne ajin falsafa?"

Injiniya ne, yana haki!

"Me ya kawo ka? Ba ka gama jarrabawarka ba?"

"Ƙarin ilimi na zo nema, Zumata."

"Kai da ko saƙon waya ba ka iya wuce layi biyu!"

Malama ta dube shi ta saman tabarau. "Ka san idan ka faɗi, kai ma sai baɗi za ka kammala?"

"Na sani... a sa ni," in ji shi.

Wayyo, na sha wahalar bawan Allahn nan! Ina yi masa bayani a laburare, yana gyangyaɗi a kan littafi. In tambaye shi ma'anar gaskiya, ya ce, "Ina son ki, ba shi ke nan ba?"

Ranar da sakamako ya fito, na ruga wurin allon sanarwa, Injiniya na biye da ni.

"Na ci! Kai fa? Yi magana mana!"

"Da ƙyar na tsallake," ya ce, ya zube a kan benci. "Kada ki sake faɗuwa komai, don Allah."

Na yi dariya har da hawaye.

Da yamma mahaifiyarsa ta kira Abba da kanta. Ina bayan ƙofa, ina jin muryarta ta waya.

"Yaron nan ko labarai ba ya karantawa, amma ya zauna ajin falsafa saboda 'yarku. Ni kam na sallama. Yaushe za mu zo?"