Ya Mutu Tun Babi na Biyar

A garinmu, duk wanda ya ci jarrabawar gama sakandare, sai a kafa tuta a ƙofar gidansu. A jikin sandar tutar ake rataye jakarsa ta makaranta. Kowa ya wuce a keke ya san an ci.

Akwai wata yarinya da kakanta ya shafa wa sandar tutarsu fenti tun watan Maris.

"Ga sanda tana jira, ja'ira," in ji shi. "Saura jaka."

Amma sai ta tsallake jarrabawar baka ta Turanci tukuna. Malama Hoekstra ta ba kowa tsohon littafi na Ingila ko Amurka. A karanta, a zo gabanta a yi bayani.

Nata littafin shafi ɗari huɗu ne. Labarin wata 'yar masaƙa ne, wadda yayanta ya tafi aikin jirgin ruwa. Yarinyar ta karanta babi biyu, ta yi hamma, ta cusa shi ƙarƙashin gado.

"Ke dai kina son wahala," in ji ƙawarta Femke. "An yi fim ɗinsa fa. Awa biyu, kin gama!"

Ta kalli fim ɗin tana cin burodi da cuku. Har sau biyu ta kalla, wai don ya zauna.

Ranar jarrabawa ta shiga da fara'arta.

"Wane wuri ya fi taɓa ki?" Malama ta tambaya.

"Ƙarshen, Malama. Inda yayan ya dawo, suka rungume juna a bakin teku. Har kuka na yi."

Malama ta cire tabarau a hankali.

"Wa ya dawo?"

"Yayan mana."

"Yarinya, ai ya mutu tun babi na biyar. Jirginsu ya nutse."



"Ya mutu? Haba, Malama! Da idona na gan shi!"

Ta yi wuf ta rufe baki, amma magana ta riga ta fita. Ramin ƙarya dama ƙurarre ne.

"Kin gan shi," in ji Malama. "Ni kuwa shekara ashirin da shida ina buɗe littafin nan, ban taɓa ganin ya dawo ba."

Ta rubuta uku cikin goma. Da irin wannan maki, ba jaka, ba tuta.

"Ki dawo nan da mako biyu. Daga shi ba ƙari."

Yarinyar ta kasa ko hawa kekenta. Tura shi ta yi cikin ruwan sama har gida. Ta gaya wa Kaka komai, kanta a ƙasa.

Kaka ya riƙe baki. "Fim? Wato kin aiki wani ya karanta miki, ya dawo ya shara miki ƙarya!"

Ya ɗauki sandar ya mayar ɗakin ajiya. Wannan ya fi faɗa ciwo.

Ta zaro littafin ta kakkaɓe ƙura. Farkonsa da wuya, sai da ƙamus. A babi na biyar jirgi ya nutse. Ita kuwa 'yar masaƙa ba ta sani ba. Duk Lahadi sai ta rubuta wa yayanta wasiƙa. Yarinyar ta daina ƙirga shafi. Abinci ma sai an kira ta sau uku.

Da ta koma, ba ta jira tambaya ba.

"Malama, don Allah me ya hana su gaya mata? Maƙwabta duk sun sani! Shekara bakwai tana rubuta wa matacce wasiƙa, suna kallo!"

"Ke a ganinki me ya hana su?"

Yarinyar ta yi ta magana har lokaci ya ƙare. Malama ta yi murmushi.

"Yanzu kam kin karanta."

A watan Yuni sakamako ya fito. Ta ci. Kaka da kansa ya fito da sandar, ya hau tsani ya kafa tuta, ya rataye jakar.

"To, me kika koya, ja'ira?" ya tambaya daga sama.

"Abin da aka ba ni in karanta, ni zan karanta da kaina. Kuma ba zan ƙara cewa na san abin da ban sani ba."

"Madalla. Yanzu riƙe mini tsanin nan da kyau, kada ni ma in tafi a babi na biyar."