Sifanar Ingila, Notin Italiya

A ƙofar gidan Baba Tagwai da ke Makera jan babur ɗin ya mutu, wata Asabar da hantsi, shekarar da aka gama ginin masaƙa a Kakuri. Ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Mai shi ya sauko yana ta taka kik, gumi na zuba.

Sunansa Monday, mutumin kudancin Zariya, makanikin injin kwaɓa siminti. Babur ɗin na wani Bature ne ɗan Italiya da suka yi aikin gini tare, da zai koma gida ya bar masa. Duk Kaduna babu irinsa. Idan yana da sanyi gudu kamar iska, da ya ɗau zafi sai ya mutu.

A baranda wata budurwa na taka keken ɗinki. Scholastica ce, 'yar autar gidan, kowa Sikola yake ce mata. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Malam, ka bar shi ya huce. An ɗaure shi da yawa ne."

Monday ya juyo. "Ke makanike ce?"

"Tela ce. Tun daga kwanar titi nake jin sa. Haka kekena yake yi in zare ya yi tsauri."

Ta ɗago ido, ya manta da babur ya tsaya kallonta. Ta kawo masa ruwa a kwano. Kafin ya gama sha babur ya huce, taku ɗaya ya tashi. Bai ji daɗin tashin ba.

Daga ranar rigar aikin Monday ta shiga yagewa duk mako. Ya kawo ɗinki, ya dawo karɓa, kuma kullum akwai takarda a aljihu. Ta farko ya rubuta:

"Sikola, Mai Kunne. Babur yana gaishe ki. Ya ce babu inda yake son mutuwa sai ƙofar gidanku. Ni ma ra'ayinmu ɗaya. Monday."

Da rigar ta dawo ya tarar da amsa:

"Baƙin Hannu, yagar nan da reza aka yi ta, na gani. Ka daina ɓata riga. In magana gare ka, Baba yana gida ranar Lahadi bayan coci."

To, Baba Tagwai ba mutumin wasa ba ne. Shekara talatin ya yi yana aikin haɗa inji a loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, da ya ajiye aiki ya kafa 'yar maƙera a bayan gida. Shi ba ya tambayar mutum asalinsa. Aikin hannunsa yake dubawa.

Monday ya zo da kawunsa, an yi gaisuwa, an faɗi abin da ya kawo su. Tsoho ya tashi ya fita wurin babur, ya durƙusa, ya shafa notocin da ke kan murfin injin da ɗan yatsa. Duk gefensu ya cinye, sun zama kamar an tauna.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Tauri gare su. Sifana tana zamewa."

"Tana zamewa, ka ci gaba da murɗawa."

"Na sa ƙarfi ne ko za su..."

"Na ga ƙarfin." Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Abu ya gaya maka bai yarda ba, kai kuma ka danne shi. Sikola ba ta da saurin magana. Ranar da ta ƙi abu, haka za ka yi mata? Ku gaida gida."

Magana ta ƙare ke nan. Kawu ya yi ta ba da haƙuri, tsoho ya koma maƙerarsa.

Abin ya ci Monday. Sifanunsa na Ingila ne, masu kyau, da su kowane makanike yake aiki daga Kakuri har tsallaken kogi. Ɗaya ta yi wa notin kaɗan, mai bi mata ta yi masa yawa. Shi a ganinsa notin ne ba shi da kirki.

Ana cikin haka sai ga Ernest, akawu a ofishin safiyo, mai farar riga da sabon keke. Ya daɗe yana zagaya gidan saboda Sikola. Mama Judith, uwar Sikola, tana son sa, don ko ba komai hannunsa ba ya ɓata labule. Wata Laraba Monday na dawowa daga aiki ya hango Sikola tsaye da Ernest a bakin kasuwa. Ernest ya miƙa mata wani abu dogo a naɗe cikin takarda, ta karɓa tana murmushi.

Monday bai tsaya ba. Mako biyu rigarsa ba ta yage ba.

Ranar Asabar ta uku yana tsakar gidan hayarsa a Kakuri, ya shimfiɗa tabarma ya baje kayan aiki, sai ya ji sallama. Sikola ce da gwaggonta Indo. Gwaggo ta samu kujera ta zauna tana fifita da gefen zane.

"Baƙin Hannu, fushi kake?"

"Ina ni ina fushi. Na ga an fara karɓar kyauta."

Ta kwance takardar. Rula ce ta ƙarfe, irin ta masu zanen taswira.

"Aro na yi. Tef ɗina inci kawai gare shi. Na tuna lokacin da Sista, Baturiyar cocinmu, ta koya mana ɗinki, ta ce mutanen ƙasarsu ba da inci suke awo ba. Ɗora wannan gefen a kan notin."

Ya ɗora gefen inci, awo ya faɗa tsakanin layi da layi. Ya juya ɗaya gefen, na milimita. Sha huɗu cif. Ya gwada wani noti. Goma cif. Ya zauna daɓas a kan tabarma.

"Wata takwas ina zagin notin nan," ya ce a hankali. "Ashe shi ke da gaskiya."

Gwaggo Indo ta ce, "Ka zagi noti, ka zargi yarinya. Saura wa?"

"Ki yi haƙuri, Mai Kunne."

"Na yi. Amma ba ni ce na ce ku gaida gida ba."

Ya bi kantunan garin kaf, babu mai sifana irin wannan awon. Aka ce sai dai Ikko, ko can ma sai an dace. Ya yi tunani kwana biyu. Ranar Litinin da yamma ya turo babur da hannu har Makera, ya tsaya a bakin maƙera ya cire hula.

"Baba, laifina ne. Awon notin daban, sifanata daban, ban tsaya na auna ba. Ba maganar aure ta kawo ni ba. Wuta da magagari nake roƙo ku ara mini, in ƙera wadda ta dace."

Tsoho ya dube shi ya dubi rular. Ya tura masa guntun sifirin na mota da ƙafa.

"Gawayi yana can."

Mako uku Monday yana zuwa bayan tashi daga aiki. Ya zuga wuta, ya daka ƙarfe, ya goga, ya auna. Ta farko ya yi gaggawa bakin ya buɗe da yawa. Ya jefar ya sake, ba wanda ya ce masa ya sake. Baba Tagwai na gefe yana gyaran fartanya, kamar ba ya kallo. Notocin da suka cinye ma Monday ya gyara musu gefe ɗaya bayan ɗaya. Ernest ya zo karɓar rularsa, ya ga wanda ke zaune a maƙera, ya gane inda magana ta nufa. Ya ce a riƙe ta har a gama. Mutumin kirki ne, wannan kam babu musu.

Ranar da sifana ta zauna a kan noti babu motsi, murfi ya buɗe da hannu ɗaya. A ciki ya ga abin da Sikola ta ji tun ranar farko. Bawul, 'yar ƙofar da ke buɗe wa iska da rufewa a injin, ba shi da sarari ko kaɗan. Ƙarfe in ya yi zafi yana kumbura, sai bawul ya kasa rufewa, injin ya mutu. Ya sassauta, ya zura reza a tsakani, ya ɗaure daidai yadda rezar za ta wuce da ɗan ja.

Ya ɗora sifana zai yi murɗawar ƙarshe, sai ya tsaya, ya janye hannu.

"Me ya sa ka tsaya?" in ji tsoho.

"Ya ce ya isa, Baba."

Aka tayar da babur. Ya yi zafi, bai mutu ba. Sikola ta leƙo daga baranda ta karkata kai tana saurare, ta gyaɗa. Monday ya ɗauki Baba Tagwai har bakin gada suka dawo, tsoho riƙe da hularsa. Da ya sauka ya karɓi sifanar ya juya ta a hannu.

"Goshinta bai yi kyau ba," ya ce. "Amma bakinta gaskiya ne. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Bayan girbi aka ɗaura aure a coci. Mama Judith ta yi kuka, ta kuma gargaɗi ango kan labule. Ernest ya zo da farar rigarsa ya ci shinkafa. Da za a tafi da amarya, Baba Tagwai ya dafa kansu su biyu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana. Ke, in ya matsa, ki faɗa. Kai kuma, in ta yi shiru, ka tsaya ka auna."

Aka ce amin. Sikola ta tattare farar rigarta ta hau baya. Monday ya sa hannu a aljihun kwat zai ciro hankici, ya ji takarda.

"Baƙin Hannu nawa, ka bi ta ƙofar gidanmu a hankali. Yau kada ya mutu a nan. Gida za mu."

Taku ɗaya babur ya tashi.