Alama Huɗu a Kan Gilashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, Mahaliccin abin da ido ke gani da abin da aka ɓoye masa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, akwai wani mai gyaran na'urori da shagonsa ke jikin gidansa. Aikinsa haɗa ƙananan allunan gilashi masu aiki da taɓawa da 'yar kwamfutar nan wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Wani yammaci allo ɗaya ya gagare shi: in ya taɓa dama, sai ya amsa a hagu. Maganin haka a wurin masu sana'ar shi ne saiti: allon ya fito da alama a kusurwa, mutum ya taɓa ta, har kusurwa huɗu. Ya fara saitin, alamar farko ta fito ke nan aka kira magariba. Ya ja ƙofa ya kulle, ya bar ta tana jira.

Da ya dawo, ya tarar saitin ya kammala.

Ya taɓa gilashin, bai amsa ba. Ya canja wayar da ta haɗa allon da kwamfutar, shiru. Amma da ya janye hannunsa, sai ya ga ɗigo yana yawo a kan allon shi kaɗai, a hankali.

Washegari da almuru duwatsu suka faɗo a kan rufin gidan, ɗaya a kowace kusurwa.

"Baban yara, 'ya'yan maƙwabta ne?" in ji matarsa.

"Da wane hannu za su jefi kusurwa huɗu a tare?"

A rana ta uku babbar 'yarsa ta shiga sharar shagon, ta goge ƙurar gilashin da yatsa. Yatsan ya ƙage. Ta daina ci, ta daina magana, sai dungurin iska take yi sau huɗu, ta huta, ta sake.

Aka ɗauko wani dattijo masanin ruƙya. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar da ba tata ba.

"Wa ya kira ka?" in ji dattijon.

"Mai gidan. Ya bar alama tana roƙon a taɓa ta, a lokacin fitowarmu. Na ji tausayinta na taɓa. Ta sake roƙo, har sau huɗu. Na dafa kusurwa huɗu, ɗakin ya zama nawa."

"Yarinyar fa, me ta yi maka?"

"Ta share mini sawu. A bar mini allon a kunne, in sake ta."

"Ba ka da mazauni a gidan nan. Ta inda ka shigo za ka fita."

Can muryar ta ce, "To, da yatsanta za a sake saitin. Kuma kada a ƙara barin alama tana kira babu mai amsawa."

Uban ya goge tsohon saitin. Ya kama hannun 'yarsa, ya kai yatsan kan alamar farko da bismillah, sannan ta biyu, sannan ta uku. A ta huɗu yatsan ya yi laushi.

"Baba," ta ce da muryarta, "ka matse mini hannu."

Tun daga ranar, in kiran salla ya riske shi a tsakiyar saiti, sai ya zare wutar allon kafin ya ɗauki buta.

Allah Ya tsare gidan wanda ya rubuta da na wanda ya karanta, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.