Duwatsun Kan Kabari

A wani zamani, a wani gari, Musulmi da Kirista da Yahudawa maƙabartarsu ɗaya, kowa da ɓangarensa. Wani dattijo Musulmi ne ke share ta.

Wata rana ya tarar da ƙananan duwatsu a kan kabarin wata Bayahudiya. Ransa ya ɓaci, ya ce, "Yaran zamani, har matattu suke jifa?" Ya kwashe, ya zuba a kwando. Washegari ya tarar da wani dutsen, ya ɗauke. Rana ta uku ma ya tarar, ya ɗauke.

Sai ya laɓe bayan kuka don ya kama mai jifan. Can sai ga wani tsoho Bayahude makaho, maƙwabciyarsa Kirista tana yi masa jagora. Tsohon ya shafa kabarin, ya ji wayam. Ya ce, "Wa ke ƙin matata har a ƙasa?"

Dattijon ya fito ya tambayi dalili. Maƙwabciyar ta ce, "Malam, a al'adarsu mai ziyara yakan ajiye dutse, shaidar ba a manta da mamaci ba."

Ba wanda ya san shi ne ya kwashe duwatsun, amma dattijon ya ɗauko kwandon ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ni ne. Na zaci kare ta nake yi. Ka yafe mini."

Tsohon ya mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen kuwa, ya lalubi hannun dattijon ya danƙa masa.

Ya ce, "Wannan kai za ka sa. Ai kai ma kullum kana zuwa wurinta."