Yanar da Barira Ta Hana

Ku matso, ku rage murya. Labarin Barira zan ba ku, wadda kuke gani da safar hannu ko ana tsananin zafin bazara.

Lokacin tana digiri na uku, ɗakin gwajinta yana can ƙarshen jami'a, jikin wata tsohuwar tsamiya. Wani sinadari da ake kira furotin take bincike a kai, wanda ta tace daga dafin kububuwa. Aikin na masu haƙuri ne. Za ta ɗiga ruwan furotin a ɗan mitsitsin rami, ta shimfiɗa maiƙo a samansa, siriri kamar yanar kunu. Sai a ƙyale shi. Ba taɓawa, ba huci. In an dace, furotin ya taso ya manne a ƙarƙashin yanar, ya jeru shimfiɗe kamar saƙar tabarma, yanar ta ƙulla kenan. Sannan a ɗauke yanar da 'yar ragar tagulla, a kai ta babban madubin lantarki, a ga siffarsa.

Shekara da shekaru abin yana ƙi. Furotin ya ƙare, saura ɗigo ɗaya. Farfesanta ya ce in wannan bai yi ba, ta tattara nata ya nata.

Ranar Alhamis ta haɗa rami biyu: ɗaya na gaske, ɗaya ruwa da maiƙo zalla, don kwatance. Ta dafa kayan aikinta, ta tarar makwararar ruwa ta toshe. Sai ta buɗe taga ta sheƙa tafasasshen ruwan a gindin tsamiya. Ko bisimilla babu. Barira kenan, kullum gani take ita kaɗai ce a duniya.

Juma'a da rana tsaka, mutane sun tafi masallaci, ginin ya yi tsit. Akwai kwanon ruwa da take ajiyewa a kan tebur. Ko ƙadangare ya gudu a soro sai ruwan ya motsa, da shi take gane girgiza. Tana kallonsa ta ji warin gashi ya ƙone.

Wata doguwar mata ce a tsaye cikin ɗakin, da goyo. Ƙofa kuwa a kulle take.

"Baiwar Allah, ba a shigowa nan," in ji Barira. "Fita."

Matar ta tako. Takunta da nauyi, dim, dim. Barira ta dubi kwano. Ruwan bai ko motsa ba.

Barira ta ja da baya.

"Ke ce mai ruwan zafi?" Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa.

"Ban san akwai kowa ba."

"Kin tambaya?"

Ta sauke goyon, ta juya mata bayansa. Jajawur. Fatar ta saluɓe tun daga wuya. Yaron ba ya kuka, ido kawai ya ƙura mata.

"Ina ganinki ta taga," in ji matar. "Kin iya yi wa ruwa fata. Ba ni wadda ta ƙulla in rufa wa ɗana. Shi ke nan tsakaninmu."

Barira ta dubi ramukan biyu. A ido iri ɗaya suke. Ta tuna shekarunta, ta tuna fuskar Farfesa. Ta ɗauki raga, ta kwaso yanar ramin banza, ta miƙa.

Matar ta shinshina ragar. Ta daɗe tana kallon Barira.

"Wannan ce?"

"Ita ce."

"To."

Ta kama hannun da ya miƙo mata, ta shafi bayansa sau ɗaya, a hankali. Sanyi ƙalau. Kafin Barira ta ƙifta ido babu kowa a ɗakin.

Da yamma aka saka yanar ramin gasken a madubin lantarki. Ta ƙulla. Jeri ras, ba ɓaraka ko ɗaya. Farfesa har da tafi. Barira na dariya, sai ta ji bayan hannunta yana raɗaɗi. Ta duba. An ɗauke fatar wurin, zagayayye, tsaf, ba jini, yadda take ɗauke yana daga kan ruwa.

Digiri ta samu, ba na musu. Amma ni ban taɓa yi mata murna ba, kuma ba zan yi ba. Yaro ta ƙona, aka roƙe ta magani, ta yi ha'inci.

Don haka ku ji ni. Kada wanda ya zubar da ruwan zafi bai ambaci Allah ba. Kada wanda ya bi ta gindin tsamiyar nan shi kaɗai da rana tsaka, matar tana nan tana jira.

Yaro dai girma yake yi, bayansa yana ƙara faɗi. Da farko 'yar filasta Barira ke mannawa. Gobe in ta zo gaida Inna, ku saci kallon safar. Bana ta wuce gwiwar hannu.