Tumakin Inna Inde

Bilki na tuƙa tuwon gero, hawaye na ɗiga a zanenta, sai ga uwar mijinta Inna Inde ta shigo babu ko sallama. Kwanan nan Bilki ta yi ɓarin tsohon ciki, bayan wani zazzaɓi da ya kusa tafiya da ita.

Inna ta tsaya a kan ɗanta Shu'aibu, yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Ta ce tun da aka kawo yarinyar nan daga Gabi gida bai ga alheri ba: tumakinta sun yi ta ɓari, yanzu jikan da take jira ya bi su. Farar ƙafa gare ta, ya sake ta kawai.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Shu'aibu, kansa ƙasa. "Ita fa ta riƙa kama miki tumakin nan da cikinta, tana kwashe mabiyiyarsu da hannu."

"Shi ya sa suka lalace. Ko ita, ko ni!"

Bilki ta ɗaure kayanta, ta ce ba za ta raba ɗa da uwarsa ba. Shu'aibu ya kwance ƙullin yana kuka, ya roƙe ta ta dakata. Inna kuwa ta daina cin abincinsu, ta daina amsa gaisuwarsa.

Ranar da za a mai da Bilki asibiti a Maraɗi, Inna ta ce sai ta bi su ta ji da kunnenta. Lokotoro ya duba sakamakon jini, ya tambaya ko suna kiwo, suka ce suna da tumaki. Ya ce wata ƙwayar cuta ce, kalamidiya, mai sa tumaki ɓari. Idan mai ciki ta taɓa mabiyiyarsu ko ruwan haihuwarsu, tana iya kamuwa ta rasa cikinta.

Suka dawo garinsu Madarumfa. Da suka shiga gida Inna ta durƙushe gaban surukarta.

"Ni na tura ki garken nan, 'yata. Ni na jawo, kuma na ɗora miki."

Bilki ta ɗaga ta. "Inna, ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. Allah Ya ba mu, Ya karɓi abinsa."

Da Bilki ta sake samun ciki, Inna ta mai da tumakin bayan gari, ta hana ta ko leƙa su. Bayan kaka, Bilki ta haifi 'ya mace lafiyayya, aka miƙa wa Inna, ta rungume ta tana kukan wanda bai zo ba.

Haƙurin Bilki ne ya riƙe gidan nan. Kafin a ɗora wa 'yar mutane laifi, a fara neman sanin ciwon.