Tikitin da Ya Tsallake Sifili

Ranar Litinin da hantsi, Sufeto Marisol Etcheverry ta shiga wani ƙaramin gidan caca a garin Elko, ta tarar da tsofaffi biyu na shirin dambe a kan takardar da ba ta kai tafin hannu ba.

Wendell Tibbs, tsohon mai haƙar zinariya, shi ya kira 'yan sanda. Ya ce tikitinsa na cacar wasan ƙwallo ya ci dala dubu uku, an zare shi daga aljihun kwat ɗinsa yana karin kumallo. Da kuɗin yake son kafa dutse a kabarin matarsa, wanda shekara biyu ke nan ko suna babu a kansa. Tikitin kuwa yana hannun amininsa Royce Kaminski, wanda ake kira Farfesa.

"Nawa ne, ranki ya daɗe," in ji Royce. "Tsufa ke damun Wendell."

"Tsufan gidanku!" in ji Wendell.

Tikitin caca ba ya ɗauke da suna, mai riƙe da shi ne mai shi. Kyamara ma ba ta taimaka ba, don tare suka tsaya a tagar sayar da tikiti ranar Alhamis, ƙeyarsu kawai ta ɗauka.

Marisol ba ta taɓa sa ko sisi a caca ba, amma Allah Ya yi ta da son jin ƙwaƙwaf. Ta karɓi tikitin, ta ga an rubuta "tiza" a kansa, ta nufi Lupe mai sayar da tikiti.

"Mene ne tiza?"

"Ki haɗa wasa biyu ko fiye, mu ƙara wa kowace ƙungiyarki maki shida. Sai mu rage ribar, kuma ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi."

"To wane irin tiza ya fi daraja?"

Lupe ta kama baki. "Tambayi Farfesa. Kullum sai ya yi mana wa'azi."

Marisol ta ja kujera gaban Royce kamar ɗaliba. Abin nema ya samu! Ya gyara murya, 'yan kallo suka matso.

"A ƙwallonmu irin na zari-ruga maki uku-uku da bakwai-bakwai suke zuwa, wasa kuma kan ƙare da ratar uku ko bakwai. Mai hankali shidansa yake saya ta tsallake su duka biyun, a wasa biyu kacal."

"Marar hankali fa?"

"Shi ke tsallake sifili, wato kunnen doki. Ana neman ƙungiyarsa ta ci da ratar uku, sai ya mayar da ita ko an cinye ta da biyu ya tsira. To kunnen doki sau nawa ake yi a shekara? Ya sayi iska da kuɗinsa. Jaki ke nan! Shekara ashirin ban taɓa yi ba."

Marisol ta ɗaga tikitin, ta sa Lupe ta duba.

"Wasa shida," in ji Lupe. "Huɗu sun tsallake sifili."

Wani daga baya ya ce, "Farfesa, ashe kai ne jakin?" Ɗaki ya kaure da dariya.

Sufeto ta rufe tikitin da hannu, ta ce Wendell ya faɗi abin da ke ciki. Ya jero ƙungiyoyi shida bai yi tuntuɓe ba.

"Ƙungiyoyin garuruwan da muka zauna ni da matata Noreen ne," ya ce. "Ni ban san wani sifili ba."

Ta juya kan Royce. "Ɗaya cikin biyu ne, Farfesa. Ko dai kai ka saya, ko ɗauka ka yi."

Kurkuku na gefe guda, dariyar mutane na gefe guda, kuma kowa a Elko ya san wadda ya fi tsoro.

"Ni zan sayi wannan shirmen? Allah Ya sawwaƙe! Ɗauka na yi. Nawa mai lissafi ya faɗi jiya, wannan ya ci da sunayen garuruwa. Ina adalci a nan?"

Marisol ta ɗauki hoton tikitin, ta miƙa wa Wendell abinsa, sannan ta sa wa Royce ankwa. Ta ji tausayin su duka biyun. A bakin ƙofa Royce ya waiwayo, hali zanen dutse.

"Duk da haka, Wendell, kada ka sake tsallake sifili."

Wendell ya ninke tikitin, ya sa a aljihu.

"Royce," ya ce, "kai ne fa ka kama mini akwatin gawar Noreen."